WA KA BA AJIYAR ASIRINKA?

Ran 4 ga watan Yuni 2021 Ministan Watsa Labarai na Tarayya, Alhaji Lai Mohammed, ya ba da sanarwa cewa Gwamnati ta dakatad da aikin Twitter a Nijeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya share wata magana da Shugaba Muhammadu Buhari ya rubuta a can. Kashegari kamfanonin waya suka toshe hanya, ba a kuwa buɗe ta ba sai ran 13 ga Janairu 2022, watau bayan kwana 222. A cikin waɗannan watanni bakwai ne mutane da yawa a ƙasar nan suka fara jin sunan wani abu wai shi VPN, wanda mu za mu kira ɓoyayyar hanya. Wannan ya gaya wa wancan, wancan ya gaya wa na gaba, kowa ya ruga ya sa manhajar a wayarsa, galibi irin wadda a ke bayarwa kyauta, don ya zaga ta bayan shinge ya shiga inda aka hana. An daɗe da buɗe ƙofa, Twitter ma ta sake suna ta koma X tun 2023, amma har yau akwai wayoyin da manhajar nan ta ke zaune a ciki, masu su ba su taɓa tambaya ko wane ne ya yi ta ba, balle su san ribar da ya ke ci da ita.

Abin bai tsaya a kanmu kaɗai ba. A ƙarshen Agusta 2024 wani alƙalin babbar kotun Burazil, Alexandre de Moraes, ya rufe X a ƙasar, har ya yanka tarar riyal 50,000 na kuɗinsu kowace rana a kan duk wanda ya bi ɓoyayyar hanya ya shiga, sai cikin Oktoba aka janye. A Ingila kuma, da aka fara tilasta wa masu waɗansu shafuna su tabbatad da shekarun mai shiga ran 25 ga Yuli 2025, nan da nan manhajojin ɓoyayyar hanya suka hau kan gaba cikin waɗanda a ke ɗauka a waya. Duk inda hukuma ta kafa shinge, nan kasuwar masu wannan sana'a ta ke ci.

Dalilin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, yawancin masu karanta jaridar nan mutane ne da a ke ba amana. A zamanin En'e takardun haraji da na albashi suna cikin kabad, kabad na cikin ofis, mabuɗi na aljihun magatakarda. Yau kuwa akawu ya kan tashi aiki da jerin sunayen ma'aikata da lambobin bankinsu cikin wayarsa, malamin makaranta kuma da sakamakon jarrabawar yara da lambobin iyayensu. In irin wannan waya ta yi yoyo, asirin mutum ɗari ne ya zube tare da na mai ita. Sabo da haka ya kamata a san abin da ɓoyayyar hanya ta ke rufewa, da abin da ta ke bari a fili, da kuma wanda ta ke danƙa wa abin da ta rufe.

WA KE GANIN ME?

Intanet ta yi kama da gidan waya. Duk sa'ad da mutum ya taɓa wayarsa don ya buɗe wani shafi, wasiƙa ce ya aika, abin da ya bayyana a gabansa kuwa amsa ce aka komo masa da ita. Kowace wasiƙa tana ɗauke da adireshin inda za ta da na inda ta fito, in ba haka ba amsa ba za ta san gida ba. Adireshin nan wata lamba ce da kamfanin waya ke ba na'urarka muddin tana kan layi, daga gare ta kuma a kan gane ƙasar da ka ke, da kamfanin da ka ke biya, wani lokaci har da garin.

Mutum uku ke tsaye a kan hanyar wasiƙarka. Na fari shi ne mai waifai, in a otal ko ofis ko makaranta ka hau layi. Na biyu kamfanin wayar da ka sayi data a wurinsa. Na uku mai shafin da ka nufa. A da wasiƙun nan a buɗe su ke tafiya kamar katin gaisuwa, duk masinjan da ya ɗauka yana iya karantawa. Yanzu galibin manyan shafuna suna manne ambulan, alamar haka ita ce adireshin shafin ya fara da haruffan https. WhatsApp ma tun Afrilu 2016 ta ke kulle saƙonni yadda daga mai aikawa sai mai karɓa ke iya buɗewa. Watau mai waifai da kamfanin waya ba su ganin abin da ke cikin ambulan. Amma fa suna ganin bayansa: sunan shafin da ka je, da lokacin da ka je, da daɗewar da ka yi. Kada a raina wannan. Wanda ya ga kana aika wasiƙa ofishin lauya kowane mako, ko wurin masu ba da rance, ko asibitin wata cuta da a ke jin kunyar faɗa, ai ya san rabin labarinka ko bai buɗe ambulan ba.

A ƙasar nan akwai abu biyu da suka ƙara wa wannan nauyi. Tun Disamba 2020 aka umurci kowa ya haɗa layin wayarsa da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, watau layi ya zama yana da suna da fuska. Sa'an nan dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin waya su ajiye bayanin masu layi da na zirga-zirgarsu har shekara biyu, su kuma miƙa wa hukuma in ta nema bisa ƙa'ida. An yi wannan don kama masu laifi, kuma yana da amfani nan. Amma littafin da aka rubuta don ɓarawo, sunan mai gaskiya ma yana ciki.

JAKA MAI KWAƊO

Asalin ɓoyayyar hanya aikin ofis ne. Tun wajen 1996 ma'aikatan Microsoft suka fito da wata dabara wadda ma'aikacin da ke gida ko kan tafiya zai haɗu da kwamfutocin ofishinsu ta intanet ba tare da wani ya leƙa abin da ke wucewa ba. Har yanzu bankuna da manyan ma'aikatu suna aiki da irinta. Daga baya ne 'yan kasuwa suka ga ana iya sayad da ita ga kowa da kowa.

Ga yadda ta ke aiki. Maimakon ka jefa wasiƙunka ɗaya ɗaya a gidan waya, sai manhajar ta tattara su cikin jaka, ta sa kwaɗo, ta aika wa wani wakili a wata ƙasa, mu ce Holan ko Amurka. Wakilin nan babbar kwamfuta ce ta kamfanin da ya yi manhajar. Shi zai buɗe jaka, ya fitad da wasiƙun, ya aika kowace inda za ta da adireshinsa a madadin naka. In amsa ta zo, ya sa a jaka ya kulle ya komo maka da ita. To, mai waifai da kamfanin waya ba abin da za su gani sai jaka tana kai da kawowa tsakaninka da wakili. Mai shafi kuma zai ɗauka daga Holan ka ke. Da haka mutanenmu suka shiga Twitter a 2021, zama kamfanonin waya an ce su tare wasiƙun da ke tafiya Twitter ne, su kuwa jakar Holan kurum su ke gani.

Wannan amfani ne na gaske, ba mu musu. Matafiyin da ya hau waifai na otal ko na filin jirgin sama, wanda bai san mai shi ba, jaka mai kwaɗo tana tsare shi. Haka ɗan jarida da mai bincike a ƙasar da a ke toshe labarai. Amma a lura da abu guda, shi ne kuwa gindin maganarmu duka. Wakilin nan shi ke buɗe jaka. Duk abin da ka ɓoye wa kamfanin waya, shi yana gani: adireshinka na ainihi, da shafunan da ka ke zuwa, da lokacin da ka ke zuwa. Amanar da ta ke hannun kamfanin da ke da ofis a Abuja ko Ikko, wanda Hukumar Sadarwa ta ba lasisi, wanda kuma a ke iya kai shi ƙara a kotun ƙasar nan, ita ce ka ɗauka ka danƙa wa wani da ba ka san sunansa ba, ba ka san garinsu ba. In mutumin kirki ne, ka yi dace. In ba haka ba, ka ba kura ajiyar nama.

BANZA BA TA KAI ZOMO KASUWA

Kwamfutocin nan na wakili kuɗi a ke kashewa a kansu, ga haya, ga wuta, ga albashin ma'aikata. Wanda ya ba ka aikinsu kyauta lalle yana da inda ya ke fanshewa. Akwai kamfanonin kirki da ke ba da ɗan ƙaramin kashi kyauta don su jawo masu biya, amma da yawa da kai su ke ciniki. Ga waɗansu misalai da suka fito fili.

A 2013 Facebook ya sayi wani kamfanin Isra'ila mai suna Onavo, wanda ke da manhajar ɓoyayyar hanya ta kyauta, ana tallanta da cewa tana tsare bayanan mai waya. Ashe ta cikinta kamfanin ke auna waɗanne manhajoji mutane suka fi buɗewa, don ya san abokan gasar da ke tasowa. Takardun da Majalisar Ingila ta fitar a Disamba 2018 sun nuna har yadda aka bi bunƙasar WhatsApp da ita, kafin Facebook ya saye ta a 2014 a kan dala biliyan 19. An cire Onavo daga kantin manhajoji na Apple a 2018, aka rufe ta a 2019, kuma a 2023 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci rassan kamfanin biyu tarar dalar Ostireliya miliyan 20 sabo da ba su bayyana wa jama'a yadda a ke aiki da bayanansu ba.

A 2016 masu bincike na hukumar kimiyya ta Ostireliya, tare da waɗansu malaman jami'a, suka gwada manhajojin ɓoyayyar hanya 283 na wayoyin Android. Suka tarar kashi 38 cikin 100 suna ɗauke da alamun mugun abu mai cutar waya, kashi 18 cikin 100 kuwa ba su kulle jakar ma sam, sunan kurum suka ara. A Yuli 2020 kuma aka iske rumbun bayanan manhajoji bakwai na Hon Kon a buɗe a intanet, kowa na iya shiga. Dukansu sun yi alkawari ba su rubuta kome game da masu aiki da su, sai ga adireshin mutane, da imel ɗinsu, da kalmomin sirrinsu a rubuce ɓaro-ɓaro.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Waɗansu manhajojin su kan mai da wayarka ko kwamfutarka ta zama ita ce wakilin wani. An gano haka game da Hola a 2015, sa'ad da ya bayyana ana sayad da layin masu aiki da ita kyauta ga waɗansu ta hannun wani reshe mai suna Luminati. A Mayu 2024 kuma Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta ba da sanarwar kama wani ɗan ƙasar Sin da ta zarga da yaɗa manhajojin ɓoyayyar hanya na kyauta, waɗanda ta cikinsu aka mallake adireshi fiye da miliyan 19 a duniya, ana ba 'yan damfara haya. Ka duba wannan da kyau. Wani ya yi sata a wata ƙasa, in aka bi sawu sai a ƙofar gidanka sawun zai tsaya. An gudu ke nan ba a tsira ba.

ALKAWARIN BAKI DA SAMMACIN KOTU

Ko waɗanda a ke biya, kusan dukansu su kan ce ba su ajiye littafin shiga da fita. Mai saye ba shi da hanyar leƙa ɗakinsu ya gani, sai ran da sammaci ya zo a ke sanin mai gaskiya. A 2011 wani kamfanin Ingila ya miƙa bayanin wani mai aiki da shi bisa umurnin kotu, aka kama mutumin a Amurka kan laifin kutsawa cikin kwamfutocin Sony. A 2017 ma bayanan da PureVPN ya bayar sun taimaki 'yan sandan Amurka suka kama wani mai tsangwamar wata mata ta intanet, alhali kamfanin yana tallan ba ya ajiye kome. Ba mu jin tausayin masu laifin nan, abin da suka shuka suka girba. Abin lura kawai shi ne littafin da aka ce babu, ashe akwai.

Ana samun masu cika alkawari. A Afrilu 2023 'yan sandan Suwidin suka je ofishin Mullvad a birnin Gotenbag da takardar bincike, suka koma hannu rabbana, zama babu bayanin masu saye da aka ajiye balle a ɗauka. A Indiya kuma, da hukuma ta ba da umurni a Afrilu 2022 cewa kamfanonin ɓoyayyar hanya su riƙa ajiye sunaye da adireshin masu saye har shekara biyar, sai ExpressVPN da NordVPN da Surfshark suka kwashe kwamfutocinsu daga ƙasar. Wannan ya nuna kowane wakili yana ƙarƙashin dokar ƙasar da ya ke zaune. Wanda zai zaɓi wakili, sai ya tambayi garinsu da dokar garin, kamar yadda mai neman aure ke tambayar asali.

TAGAR SIRRI DA ALBASA

Akwai wani abu kuma da a ke rikita shi da ɓoyayyar hanya, watau tagar sirri da ke cikin kowace burauza, irin su Chrome da Firefox. Aikinta ƙanƙane ne. In ka rufe ta, ba ta barin jerin shafunan da ka buɗe a cikin na'urar, sabo da haka wanda ya karɓi kwamfutar bayanka ba zai gani ba. Tana da amfani a kwamfutar ofis ko ta makaranta wadda mutane da yawa ke taɓawa. Iyakarta ke nan. Mai waifai yana ganinka, kamfanin waya yana ganinka, mai shafi yana ganinka. Kamar mutum ne ya share sawunsa a tsakar gida, alhali ya ratsa kasuwa da rana tsaka. A 2020 waɗansu mutane suka kai Google ƙara a Kalifoniya, suna cewa kamfanin ya ci gaba da tattara bayanansu ko suna cikin tagar sirri. A 2024 aka sasanta, Google ya yarda zai share biliyoyin bayanai, ya kuma gyara bayanin da ya ke nuna wa mai buɗe tagar.

Wadda ta fi duka ƙarfi wajen ɓoye mutum ita ce Tor. Masu bincike na rundunar sojan ruwa ta Amurka ne suka ƙago dabarar a tsakiyar shekarun 1990, aka sake ta ga jama'a a 2002, tun 2006 kuma wata ƙungiya da ba ta neman riba ke kula da ita, kyauta a ke ɗaukarta. Sun kamanta ta da albasa, don ɓawo kan ɓawo. Maimakon wakili ɗaya, uku a ke bi, cikin dubban kwamfutocin da 'yan sa kai ke gudanarwa a ƙasashe dabam dabam, wasiƙar kuwa jaka uku a ke sa ta, wata cikin wata. Na fari ya san ka, amma bai san inda wasiƙar za ta ba. Na ƙarshe ya san inda za ta, amma bai san ka ba. Na tsakiya daga wanda ya miƙo masa sai wanda zai miƙa wa ya sani. Watau an raba amanar uku yadda ba mai riƙe da ita duka. BBC ma ta buɗe shafinta a kan Tor a 2019 don masu karatu a ƙasashen da a ke toshe ta. Aibinta shi ne nauyin tafiya, kuma waɗansu shafuna ba su karɓar baƙon da ya zo ta nan.

Duk da haka albasa ba layar zana ba ce. A Disamba 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Habad ta Amurka, don gudun jarrabawa, ya aika saƙon ƙarya ta Tor cewa an dasa bam a gine-ginen makaranta. Ba a fasa Tor ba. Sai kawai aka duba littafin waifai na jami'ar, aka ga waɗanda suka hau Tor a wannan sa'a, aka je aka tambaye shi, ya amsa laifinsa. Malaman makaranta sun san irin wannan: yaron da ya rufe fuska a aji, rufewar ce ke nuna shi.

INDA BA TA DA MAGANI

Akwai wurare uku da ɓoyayyar hanya ba ta tsinana kome. Na ɗaya, in ka shiga Facebook ko Gmail ko shafin bankinka da sunanka da kalmar sirrinka, ka riga ka yi sallama ka faɗi ko kai wane ne, ko ta Holan ka ɓullo. Na biyu, ba ta hana damfara. Wanda ya kira ka ya ce shi ma'aikacin banki ne, ka karanta masa lambar da aka aiko maka, babu jaka mai kwaɗon da za ta komo da kuɗinka. Na uku, sai da layi ta ke tafiya. Sa'ad da aka yanke layukan waya a Jihar Zamfara a farkon Satumba 2021 sabo da yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka ƙara da waɗansu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, mai manhaja da marar manhaja duk ɗaya suka zama. Jaka ba ta kai kanta in babu masinja.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HUKUMA

Babu wata doka a Nijeriya da ta haramta sa ɓoyayyar hanya a waya. Gaskiya ne a Yuni 2021 Ministan Shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ba da umurni a gurfanad da masu zagaye dakatarwar Twitter, amma cikin watan nan Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ke zama a Abuja, ta hana a yi haka, kuma ran 14 ga Yuli 2022 ta yanke hukunci cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Laifin da aka aikata ta ɓoyayyar hanya kuwa yana nan laifi, hanyar ba ta wanke shi.

Darasin da mu ke fata masu mulki su ɗauka shi ne, toshe shafi yana da wata hasara da ba a kan lissafa ba. Hukuma ta kan toshe don ta tsare ƙasa, amma abin da kan biyo baya shi ne jama'a, har da ma'aikatanta, su ɗebi zirga-zirgarsu su miƙa wa baƙin da ba wanda ya san su, waɗanda babu kotun ƙasar nan da ke iya kiransu. Hanyar da ta fi ita ce a sa mutane su amince da na gida. An ɗauki mataki mai kyau a Yuni 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma wajabta wa masu riƙe da bayanan jama'a su sanad da ita cikin awa 72 in an yi musu ɓarnar da za ta iya cutar mutane. Saura a ga aiki. Ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi da makarantu su ma masu riƙe da bayanai ne. Ya kamata kowace ma'aikata ta rubuta wa ma'aikatanta ƙa'ida a fili: wace takarda ce a ke iya sa wa a wayar hannu, wace ce ba a fita da ita ofis, in kuma aiki ya bukaci ɓoyayyar hanya, ma'aikatar ta tanadi tata.

SHAWARARMU

Ga malaman ofis da na makaranta, shawararmu gajera ce. Kowa ya buɗe wayarsa yau ya duba. In akwai manhajar ɓoyayyar hanya da ka sa tun 2021, ba ka san kamfanin da ya yi ta ba, cire ta. In kana bukatar wata, nemi wadda ta faɗi sunan masu ita da ƙasar da su ke, wadda ta bayyana inda ta ke samun kuɗi, wadda kuma ta yarda masu bincike na waje suka duba aikinta suka buga sakamako. Kada ka buɗe takardun ofis ko na 'yan makaranta ta manhajar kyauta. A kwamfutar da a ke tarayya, yi aiki da tagar sirri, ka kuma fita daga asusunka kafin ka tashi. Kowane asusu a ba shi kalmar sirri tasa dabam, a kuma kunna tabbaci na biyu inda ya samu, zama wannan ya fi tsare yawancin mutane bisa ga kowace ɓoyayyar hanya. Lambar da banki ya aiko maka kuwa, ko wa ya tambaya, kada ka faɗa.

Neman rufin asiri ba alamar rashin gaskiya ba ne. Mutanenmu sun gina zaure don baƙo ya tsaya nan, sun kuma hana shiga gida ba sallama, tun ba a san waya ba. Amma ba a taɓa jin mai hankali ya kulle ɗakinsa ya ba ɗan hanya mabuɗi don kawai ya ce ba ya karɓar lada ba. Kafin ka danna, tambayi kanka wa ke buɗe jakar. Abin da kuwa ba ka so kowa ya sani, musamman in asirin wani ne aka ba ka riƙo, bar shi inda kakanninmu su ke barinsa, don ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.